Yadda mai bi zai gwada mafarkinsa da Maganar Allah, mataki-mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga 'yan'uwa a Zuru, Dabai, Ribah, Yauri har Birnin Kebbi: "Na yi mafarki kaza, mene ne ma'anarsa?" Wata ta ga ana ba ta nama, wani ya ga maciji a rumbunsa, wani kuma mahaifinsa da ya rasu ne ya zo yana kiransa. Littafi Mai Tsarki bai ba mu jerin ma'anonin mafarki ba, amma ya ba mu hanyar gwada shi. Ita ce muka jera a nan. A bi ta yadda take a jere, domin yawancin ɓarnar da mafarki ke jawowa a gidaje da ikilisiyoyi tana faruwa ne idan mutum ya tsallake matakan farko ya faɗa kan fassara.

Kayan aiki

Littafi Mai Tsarki, na takarda ko na waya, zai fi kyau mai nuna ayoyin da suka danganci juna. Littafin rubutu mai ganye 60 da ka keɓe domin wannan kaɗai, da biro da tocila kusa da shimfiɗa. Masu bi biyu da suka manyanta cikin bangaskiya, masu riƙe asiri. Sai lokaci, aƙalla mako biyu kafin ka yanke wani hukunci. Kuɗin da za ka kashe shi ne na littafi da biro, ba wani abu bayan wannan.

1. Rubuta shi kafin ka buɗe baki

Mafarki yana gushewa cikin 'yan mintuna bayan farkawa, abin da ya rage kuma zuciya takan cike giɓinsa da nata. Shi ya sa ake rubutawa tun kana kan shimfiɗa, kafin gaisuwa, kafin duba waya. Daniyel ma haka ya yi, ya rubuta mafarkinsa (Daniyel 7:1).

Sa kwanan wata da lokacin da ka farka. Rubuta wurin da ka gani, mutanen da ke ciki, abin da aka faɗa da kalmominsa, abin da ya fara da abin da ya biyo, da yadda ka ji da ka tashi: tsoro, salama, kunya ko nauyin zuciya. Inda ka manta, rubuta "na manta". Ka bar shafin da ke fuskantarsa babu komai, za ka buƙace shi a mataki na 9.

Hattara: kada ka haɗa abin da ka gani da abin da kake zato. Idan ka ga mace ba ka ga fuskarta ba, rubuta "wata mace", kada ka rubuta "kamar gwaggona". Kada kuma ka kai shi shaida a majami'a ran Lahadi ko ka tura shi zauren WhatsApp na zumunta. Yusufu yana da shekara 17 ya faɗa wa 'yan'uwansa mafarkinsa, ƙiyayyarsu ta ƙaru. Mahaifinsa Yakubu kuwa ya riƙe maganar a zuciya (Farawa 37:5-11).

2. Duba jikinka da kwanakin da ka wuce

Kowane mutum yana mafarki kowane dare, ko ya tuna ko bai tuna ba, an fi yinsa kuma wajen asuba. Mafi yawansa aikin ƙwaƙwalwa ne, Littafi Mai Tsarki kuma bai ɓoye wannan ba. Mai Hadishi 5:3 ya ce yawan ɗawainiya ke kawo mafarki. Ishaya 29:8 ya ambaci mayunwacin da ke mafarkin yana ci, ya farka cikinsa wayam.

Ka amsa waɗannan a ƙarƙashin abin da ka rubuta. Kana da zazzaɓi? Zazzaɓin cizon sauro yana kawo mafarkai masu firgitarwa, musamman da damina. Ka fara shan wani magani, ko ka daina? Wasu magungunan ƙanjamau, na hawan jini da na tabin hankali suna sa mafarki mai ƙarfi, haka ma giya da tramadol. Ka kwana da yunwa ko ka cika ciki da dare? Akwai juna biyu? Me ka kalla a waya kafin barci, wane labari aka yi a gida? Akwai bashi, jarrabawa, rikicin gona ko maganar aure da ke cin ranka? Idan ka sami amsar a nan, ka miƙa damuwar ga Ubangiji (Filibiyawa 4:6-7), ka nemi magani idan ciwo ne, ka rufe shafin. Mafarkai da yawa a nan suke ƙarewa.

Abu biyu suna buƙatar ƙarin bayani. Na farko dannau: mutum ya farka, hankalinsa ya dawo amma jiki ya ƙi motsi, ya ji kamar an danne masa ƙirji, wani lokaci har ya ga inuwa a ɗaki. Jiki yakan kulle gaɓoɓi lokacin mafarki domin kada mutum ya aikata abin da yake gani, to idan hankali ya riga jiki farkawa sai a sami wannan. Yana wucewa cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Ka yi addu'a, ka kwanta ta gefe, ka ƙara barci.

Na biyu ya fi nauyi. 'Yan'uwa da yawa a Danko-Wasagu, Sakaba da Fakai sun ga harin 'yan bindiga da idonsu, wasu sun kwana a daji, wasu sun binne nasu. Wanda ya sha wannan yakan yi ta ganin abin yana maimaituwa cikin barci, ya farka da gumi da bugun zuciya. Raunin abin da ya riga ya faru ne, kada a mai da shi annabcin wani hari mai zuwa, kada kuma a ce masa rashin bangaskiya ne. Idan abin ya wuce wata guda, ko mutum ya fara jin muryoyi da rana, ko ya yi kwanaki ba barci yana cewa Allah na aiko masa da saƙo, a kai shi babban asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. A ci gaba da addu'a, a kuma sha magani.

3. Aza shi a kan Maganar Allah

Idan mafarkin ya wuce mataki na 2 yana nan da nauyinsa, sai gwaji mafi girma. Allah yana magana ta mafarki, Littafin Ƙidaya 12:6 da Yowel 2:28 da Ayyukan Manzanni 2:17 sun tabbatar. Amma a Irmiya 23:28 ya kwatanta mafarki da ƙaiƙayi, Maganarsa kuma da alkama. Ibraniyawa 1:1-2 kuwa ya ce a kwanakin ƙarshe ta wurin Ɗansa ya yi mana magana. Saboda haka mafarki ne ke zuwa gaban Magana domin a gwada shi.

Tambayi mafarkin abu huɗu. Me yake cewa game da Yesu Almasihu, yana ɗaukaka shi a matsayin Ubangiji wanda ya zo cikin jiki (1 Yahaya 4:1-3)? Yana umartar abin da Littafi ya hana, ko yana hana abin da ya umarta? Yana kai ka ga tuba, gafara da gaskiya, ko ga girman kai, ƙiyayya da tsoro (Yakubu 3:14-17)? Wa zai sami ɗaukaka idan ka bi shi, Allah ko kai?

Mafarkin da ya ce ka saki matarka ka auri wata, ka yanka baƙin zakara a mararraba, ka ɗaura laya, ka daina gaisa da ɗan'uwanka, ko ka bar taron masu bi domin kai kaɗai ka san gaskiya, ya faɗi gwaji. Ba sai ka yi azumi a kansa ba.

Hattara: haske, fararen tufafi ko murya mai daɗi ba hujja ba ce, domin Shaiɗan kansa yakan rikiɗa kamar mala'ikan haske (2 Korantiyawa 11:14). Cikar mafarki ma ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Maimaitawar Shari'a 13:1-3 ta ce ko alamar mai mafarki ta cika, idan yana jan mutane ga waɗansu alloli, kada a saurare shi.

Ganin mamaci cikin mafarki abu ne da ya saba faruwa ga mai kewa, ba zunubi ba ne. Amma kada ka karɓi umarni daga gare shi, kada ka kai abinci ko hadaya kabari, kada ka je wurin mai kiran matattu. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta wannan, kuma mun san yadda Sarki Saul ya ƙare bayan zuwansa wurin mai kiran matattu a Endor (1 Sama'ila 28).

4. Gane irin mafarkin

Mafarkan da Allah ya aiko a Littafi iri biyu ne. Akwai masu magana a fili. A Matiyu sura 1 da 2 akwai guda biyar, huɗu ga Yusufu mijin Maryamu, ɗaya ga masana taurari, kuma babu wanda ya nemi mai fassara: ka ɗauki matarka, ka gudu Masar, ka koma, kada ku bi ta wurin Hirudus. Haka gargaɗin da aka yi wa Abimelek (Farawa 20:3) da Laban (Farawa 31:24).

Sai masu alamu, irin na Fir'auna da Nebukadnezzar. Waɗanda suka shahara da fassara su mutum biyu ne, Yusufu ɗan Yakubu da Daniyel, dukansu kuma sun ce fassara ta Allah ce (Farawa 40:8, Daniyel 2:27-28). Babu wanda ya buɗe littafin alamu a cikinsu.

Dubi Farawa 40 da kyau. Mai shayar da Fir'auna ya ga rassa uku, mai yi masa tuya ya ga kwanduna uku. Lamba ɗaya, dare ɗaya, kurkuku ɗaya, amma bayan kwana uku aka mai da ɗaya bakin aikinsa, aka rataye ɗayan. Alama ɗaya ma takan ɗauki ma'ana biyu a cikin Littafi. Zaki shi ne Almasihu a Wahayin Yahaya 5:5, shi ne kuma kwatancin Iblis a 1 Bitrus 5:8. Maciji shi ne mayaudari a Farawa 3, amma a Yahaya 3:14 macijin da Musa ya ɗaga yana nuna gicciye. Yisti yana kwatanta Mulkin Sama a Matiyu 13:33, yana kuma kwatanta koyarwar Farisiyawa a Matiyu 16:6.

Abin yi shi ne ka fitar da manyan alamu biyu ko uku kawai, ka karanta inda suka fito a Littafi tare da surar gaba ɗaya, sannan ka tambayi kanka abin da alamar take nufi a rayuwarka. Saniya a mafarkin manomin da aka kore wa shanun huɗa ba ɗaya take da saniyar Fir'auna ba.

Hattara da littattafan fassarar mafarki na kasuwa da bidiyoyin da ke cewa ruwa kaza ne, kare kaza ne. Koyarwar nan da ta yaɗu cewa duk wanda ya ci abinci a mafarki an sa shi cikin maita ba ta da aya ko ɗaya. Bitrus ma a wahayi aka ce masa ya yanka ya ci (Ayyukan Manzanni 10:13). Koyarwar ta sa yara da mata da yawa cikin fargabar banza.

5. Addu'a da jira

Daniyel bai fara da tunani ba. Ya koma gida ya sanar da Hananiya, Mishayel da Azariya, suka roƙi jinƙan Allah, sannan aka bayyana masa asirin (Daniyel 2:17-19). Addu'arka ta zama gajera kuma a fili: idan daga gare ka ne, Ubangiji, ka bayyana ka kuma tabbatar, idan ba daga gare ka ba ne, ka kawar da shi daga zuciyata. Yakubu 1:5 ya yi alkawarin hikima ga mai roƙo. Azumin yini ɗaya ya isa ga mai lafiya. Mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shayarwa kada su yi.

Sai ka jira mako biyu kana ci gaba da karatunka na kullum. Mafarkin banza yakan dushe cikin waɗannan kwanaki. Tabbaci kuwa sau da yawa daga waje yake zuwa, ba da shirinka ba: Bitrus yana cikin tunanin wahayinsa a Yafa sai ga mutanen Karniliyas a bakin ƙofa (Ayyukan Manzanni 10:17-20).

Hattara: maimaituwa ba ta zama hujja kai tsaye ba. Gaskiya ne an nuna wa Fir'auna sau biyu domin al'amarin tabbatacce ne (Farawa 41:32), amma damuwa da firgici ma suna maimaita mafarki. Kada kuma ka kwanta da nufin "neman mafarki" a kan wa za ka aura. Wanda ya kwana yana tunanin yarinya zai gan ta, wannan ba abin mamaki ba ne.

6. Kai shi gaban dattawa

1 Korantiyawa 14:29 ta ce idan annabawa sun yi magana, sauran su auna. 1 Tasalonikawa 5:19-22 ta haɗa abu biyu: kada a raina annabci, a kuma gwada kome. Ko a ikilisiyar UMCA kake, ko ECWA, Baptis ko Katolika, je wurin fasto, fada, katikis ko dattijon da ya san ka ya san gidanka. Mace za ta iya fara wa da Mama Fasto ko wata uwa a zumuntar mata. Ka tafi da littafinka ka karanta yadda ka rubuta. Ka ce, "Baba, ga abin da na gani, ku taya ni aunawa." Kada ka ce "Allah ya ce mini", domin da ka faɗi haka ka rufe bakin mai ba ka shawara.

Mai shawara nagari zai yi maka tambayoyi, ya buɗe Littafi, wani lokaci ya ce bai ga wani saƙo a ciki ba. Karɓi wannan amsar ma.

Hattara da mai sa farashi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi, akuya, ko ka sayi mai ko ruwa na musamman kafin ya "karya" mafarkin, tashi ka bar wurin. Daniyel ya ce wa Belshazzar ya riƙe kyautarsa (Daniyel 5:17). Gehazi, baran annabi Elisha, ya bi Na'aman domin azurfa ya ƙare da kuturta (2 Sarakuna 5). Yesu ya ce kyauta kuka samu, ku bayar kyauta (Matiyu 10:8). Ka guji kuma wanda kowace fassararsa ke ƙarewa da maƙiyi a cikin danginka, da wanda ke kiran mace ita kaɗai da dare domin addu'a. Zuwa wurin boka ko ɗan duba kuwa ba ya cikin zaɓin mai bi.

7. Idan mafarkin ya nuna wani mutum

A nan ne gidaje suke rushewa, saboda haka a karanta da natsuwa. Ka ga maƙwabciyarka tana bin ka da wuƙa, ko surukarka tana ba ɗanka abinci, yaron kuma ya tashi da zazzaɓi. Kafin rana ta faɗi an ce tsohuwa ta kama kurwa. An kori gwauraye daga gidajensu, an doke tsofaffi, an yi wa yara tabon da ba ya gogewa, duk a kan abin da wani ya gani yana barci.

Dokar Littafi a fili take: ba a tabbatar da laifi sai da shaidu biyu ko uku (Maimaitawar Shari'a 19:15, 1 Timoti 5:19). Mafarki ba shaida ba ne, ko mutum goma ne suka ce sun yi shi bayan labari ya zaga gari. Fuskar da ka gani tana iya fitowa daga tsoronka, ko tsohon saɓani, ko kishi. Wanda ya ɗora wa mutum maita, zina ko haɗa baki da 'yan bindiga a kan mafarki ya yi shaidar zur (Fitowa 20:16), kuma a halin da ake ciki irin wannan zargi yana iya sa a kashe mutum. Magana zarar bunu ce.

Ga abin da za ka yi. Kai yaron asibiti a gwada jininsa. Yi wa wanda ka gani addu'ar albarka da sunansa. Bincika zuciyarka, idan akwai saɓani na gaske tsakaninku ka je ku daidaita ku biyu bisa Matiyu 18:15, ba tare da ka ambaci mafarkin ba. Fasto kuma kada ya yarda a kira sunan kowa daga bagade ko a taron addu'a a kan wahayi.

8. Raba saƙo da abin da za a yi da shi

Abin da aka gani daban, ma'anarsa daban, matakin da za a ɗauka daban. Agabas ya yi annabci cewa za a ɗaure Bulus a Urushalima. 'Yan'uwa suka ɗauka ma'anar ita ce kada ya je, suka yi ta roƙonsa, shi kuwa ya san gargaɗin domin ya shirya ne (Ayyukan Manzanni 21:10-14). Saƙon gaskiya ne, shawarar da aka ɗora a kansa ce ta bambanta. A Taruwasa Bulus ya ga mutumin Makidoniya yana roƙo, shi da abokan tafiyarsa suka yanke shawara tare, da suka isa Filibi kuma wadda ta fara ba da gaskiya mace ce, Lidiya (Ayyukan Manzanni 16:9-15).

Ka auna matakin da girman asarar da zai jawo idan ka yi kuskure. Idan mafarkin yana kiranka ga tuba, mai da abin da ka ci na wani, neman gafara ko taimakon matalauci, yi yau, domin Littafi ya riga ya umarta. Shawarar da Daniyel ya ba Nebukadnezzar ke nan (Daniyel 4:27). Idan yana kiranka ga tanadi, kamar rage sayar da hatsi da kaka, yi daidai ƙarfinka. Yusufu ya ba da shawarar tara kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi (Farawa 41:34). Amma aure, sayar da gona, barin aiki, ƙaura, buɗe ikilisiya ko daina shan magani, ba a yin ko ɗaya a kan mafarki kaɗai. Sai Magana, shawarar dattawa, yardar matarka ko mijinki da halin da ake ciki sun haɗu. Saurayin da ya ce wa budurwa "Allah ya nuna mini ke ce matata" ya ɗora mata nauyin da ba nata ba. Tana da 'yancin ta ce a'a, ita ma tana da Ruhu Mai Tsarki.

Idan ka yi mafarkin hari a ƙauyenku, ka yi addu'a, ka kula da hanyar da kake bi, ka faɗa wa fasto a keɓe. Kada ka sa rana ka yaɗa, domin mutane za su bar amfanin gona su gudu a kan abin da ba a tabbatar ba. Labarin da aka gani da ido shi ake kai wa mai unguwa da jami'an tsaro.

9. Koma ga littafin

Bayan wata uku, sannan bayan shekara, buɗe shafin da ka bari ka rubuta abin da ya faru da gaskiya: ya cika, bai cika ba, ko har yanzu. Wasu suna ɗaukar lokaci. Yusufu ya tsaya gaban Fir'auna yana da shekara 30, 'yan'uwansa kuma ba su rusuna masa ba sai bayan shekarun ƙoshi bakwai sun wuce, fiye da shekara 20 bayan mafarkin, bai kuma yi wani ƙulli domin ya cika shi ba. Amma idan ka sa wa abu lokaci bai faru ba, Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Kada ka lanƙwasa fassarar domin ta dace da abin da ya faru, kada kuma ka ce addu'arka ce ta hana alhali ba haka ka faɗa tun farko ba. Idan ka riga ka faɗa wa mutane, koma wurin waɗannan mutanen ka ce musu bai cika ba. Idan maganar ta taɓa sunan wani, ka je gidansa tare da dattijo ɗaya ka nemi gafara, ka kuma wanke shi a gaban duk waɗanda suka ji zargin.